Me ya sa ake kai na'urorin hangen taurari gidan sinkirotiron kafin a harba su?

Wa alaikumus salam, ɗana. Na karanta saƙon da ka aiko daga Gusau, inda ka ce ka ji ana ɗaukar madubai da idanu (wato sassan da ke karɓar haske su ƙirga shi) na na'urorin hangen taurari masu aiki da eksire mai ƙarfi a kai su gidan sinkirotiron, wato babban zoben da ke samar da eksire mai yawan gaske, a auna su kafin a harba su sararin samaniya. Ka tambaya me zai hana a yi wannan aiki da injin ɗaukar hoton ƙirji irin na asibiti, tunda shi ma eksire yake fitarwa, ko kuma a bari sai na'urar ta isa sama sannan a daidaita mata awo da hasken taurarin da aka aike ta kallo. Tambayar ta yi mini daɗi, domin duk hanyoyin biyu da ka kawo an gwada su, ana ma amfani da su har yau, kuma sai mutum ya ga inda kowace ta gaza sannan zai gane dalilin da ya sa masana suke jiran watanni kafin a ba su 'yan kwanaki a gaban wannan haske.

Bari mu fara da abin da ake aunawa. Haske yana zuwa ne ƙwaya-ƙwaya, kuma kowace ƙwaya, wadda ake kira foton, tana ɗauke da nata ƙarfi. Ƙwayar hasken da ido yake gani ƙarfinta bai wuce ilektiron-bolt biyu zuwa uku ba, amma ta eksire ana ƙirga nata da dubbai, shi ya sa ake rubuta keV, wato ilektiron-bolt dubu. Masana taurari sun saba kiran abin da ya haura keV 10 eksire mai ƙarfi, kuma a wannan yanki ne ake ganin abubuwan da suka fi wuyar gani: iskar da ke kewaya baƙin rami (wurin da ko haske ba ya kuɓuce wa jansa) kafin ta faɗa ciki, taurarin nutiron (cunkusassun ragowar taurarin da suka fashe) masu maganaɗisun da babu irinsa a duniya, da tokar taurarin da suka fashe. Iskar da ta lulluɓe duniyarmu tana shanye wannan haske gaba ɗaya, wanda rahama ce a gare mu, amma ta tilasta wa mai son ganinsa ya ɗaga na'urarsa sama da roka ko babban balan-balan ko tauraron ɗan'adam. A shekarar 1962 ne Riccardo Giacconi da abokan aikinsa suka fara gano tushen eksire a wajen tsarin ranarmu da wata ƙaramar roka, kuma tauraron ɗan'adam na farko da aka keɓe wa wannan aiki, mai suna Uhuru, daga gaɓar tekun Kenya aka harba shi ranar 12 ga Disamba, 1970. Tun daga lokacin sharaɗin bai sauya ba: tauraron ɗan'adam da aka harba ya tafi ke nan, ba za a dawo da shi ɗakin gwaji a sake dubawa ba.

Kai ɗan kasuwar Gusau ne, ka san yadda mai sayen gero mai lura yake fara juya mudu ya dubi gindinsa kafin a fara awo, kuma ka san mai sayen zinare ba ya yarda da sikelinsa sai ya ɗora masa wani nauyi da ya riga ya sani. Na'urar hangen taurari ma ba ta faɗa maka ƙarfin foton kai tsaye. Abin da take bayarwa ɗan motsin lantarki ne da aka mayar lamba, kuma lambar nan ba ta da ma'ana sai an san cewa foton mai ƙarfi kaza yana ba da lamba kaza, cewa a cikin foton ɗari da suka shigo ta bakin madubi guda nawa ne suke kai wa ga ido, da kuma yadda ɗigon haske ɗaya yake bazuwa a kan idon. Duk wannan ana tattara shi a wani babban jadawali da ake kira jadawalin amsar na'ura, kuma kowane sakamako da za a taɓa fitarwa daga wannan na'ura har ƙarshen aikinta ta cikinsa zai bi. Idan jadawalin ya karkace, kimiyyar da aka gina a kansa ta karkace, kuma abin tsoron shi ne karkatar ba ta bayyana a matsayin kuskure, tana bayyana ne da kamar sabon abin da aka gano.

Misali ɗaya zai nuna maka girman abin. Tauraron da ya fashe ya bar gajimaren da ake kira Cassiopeia A ya samar da wani nau'in titaniyam mai lamba 44, wanda yake ruɓewa a hankali yana fitar da eksire a keV 67.9 da 78.4. A 2014 tauraron ɗan'adam NuSTAR ya zana taswirar wuraren da wannan titaniyam yake, kuma daga 'yar gocewar da layin keV 67.9 ya yi daga mazauninsa ake lissafin gudun da tokar take yi, ko tana tahowa wajenmu ko tana nisa. Kuskuren kashi ɗaya cikin ɗari a awon ƙarfi a nan daidai yake da kuskuren kusan kilomita 3,000 a daƙiƙa a lissafin gudu. Na'urar da ba a san ma'auninta sarai ba za ta iya sa a rubuta tarihin fashewar tauraro a juye.

To, me ya sa injin asibiti bai wadatar ba? Wannan injin yana harba ilektiron a kan ƙarfen tungistin, kuma hasken da ke fitowa gauraye yake, daga mai rauni har zuwa iyakar ƙarfin lantarkin da aka sa, duk a lokaci ɗaya. Likita bai damu da wannan ba, domin inuwar ƙashi yake nema. Mai awo kuwa yana son ya ce wa na'urarsa: ga foton mai keV 30 cif, faɗa mini abin da kika gani. Bayan haka hasken injin yana bazuwa kamar na tocila, alhali hasken tauraro, saboda tsananin nisa, yana isowa a miƙe sambal, kowane zare a jere da ɗan'uwansa. Sai dai adalci ya sa in faɗa maka cewa tunaninka bai yi nisa da abin da aka taɓa yi ba: madubin NuSTAR an auna shi ne da injin eksire mai ƙarfi a ɗakin gwajin Nevis na Jami'ar Columbia a Amurka, inda aka ajiye injin a nisan mita 163 domin zarurrukan hasken su kusa miƙewa. Hanyar ta yi amfani, amma a irin wannan nisa hasken ya riga ya yi rauni, kuma dole a yi lissafi mai yawa kafin a cire tasirin kusancin tushen.

Wata hanyar da kowane ɗakin gwaji yake da ita ita ce ta ƙananan sinadarai masu fitar da haske da kansu. Amerisiyam 241 yana ba da keV 59.5, kobalt 57 yana ba da 14.4 da 122, kadmiyam 109 yana ba da 22 da 88. Waɗannan lambobi ba sa motsi, shi ya sa nake girmama su, kuma NuSTAR ma ya tafi sama da ɗan guntun yurofiyam 155 domin a riƙa duba idonsa lokaci zuwa lokaci. Aibinsu shi ne ƙarancinsu. Suna kama da turaku biyar ko shida da aka kafa a kan doguwar hanya, kuma da a ce amsar na'ura miƙaƙƙen layi ce da sai a ja zare tsakanin turakun a huta. Amma ba haka take ba. Kowane sinadari da aka gina na'urar da shi yana da wani ƙarfi na musamman da yake fara shanye eksire farat ɗaya, abin da muke kira gaɓa. Idon da aka yi da kadmiyam da teluriyam yana da gaɓa a keV 26.7 da 31.8, wanda aka yi da gishirin sodiyam da aidin yana da tasa a 33.2, filatinam ɗin da ake shafa wa madubai kuma tasa tana 78.4, wadda ita ce dalilin da ya sa ganin NuSTAR ya tsaya a keV 79. A daidai waɗannan wurare amsar na'ura tana yin tsalle, kuma babu wani turke a kusa da zai nuna maka girman tsallen. Mugun abin shi ne taurarin nutiron suna da nasu ramuka na gaske, wato wuraren da haskensu yake raguwa farat ɗaya, a wannan yanki, irin wanda Joachim Trümper ya gano a kusa da keV 40 a hasken Hercules X-1 da balan-balan a 1976, wanda daga gare shi aka fara auna ƙarfin maganaɗisun irin wannan tauraro kai tsaye. Wanda bai san gaɓoɓin na'urarsa ba zai ɗauki ramin da ke cikin idonsa a matsayin ramin da ke cikin tauraro.

A nan ne sinkirotiron ya shigo. Zobe ne babba na bututun da aka zuƙe wa iska, inda ilektiron suke gudu kusan daidai da gudun haske, maganaɗisu suna lanƙwasa musu hanya. Duk lokacin da aka lanƙwasa ilektiron mai irin wannan gudu, sai ya fitar da haske siriri a gabansa, kamar fitilar mota a kan kwana. An fara ganin wannan haske da ido a 1947 a wani ɗakin gwaji na kamfanin General Electric a jihar New York, kuma da farko masu injinan sun ɗauke shi asarar ƙarfi ce kawai. Yau ana gina zobba musamman dominsa. Na ESRF da ke Grenoble a Faransa kewayensa mita 844 ne, ilektiron ɗinsa suna da ƙarfin GeV 6, wato ilektiron-bolt biliyan shida, na SPring-8 da ke lardin Hyogo a Japan kuwa mita 1,436 ne da GeV 8. Gwargwadon ƙarfin ilektiron, gwargwadon ƙarfin eksiren da za a samu, shi ya sa masu aikin eksire mai ƙarfi suka fi neman manyan zobban.

Hasken da ke fitowa daga zoben shi ma gauraye yake, amma yana da yawa ƙwarai, har mutum zai iya zubar da kusan dukansa ya tsira da ɗan abin da yake so. Ana tankaɗe shi da ƙarau biyu na silikon da aka yanka da kyau. Bisa ƙa'idar da William Henry Bragg da ɗansa Lawrence suka kafa a 1913, ƙarau yana mayar da eksire mai wani ƙarfi ne kawai a kowace kusurwa, saboda haka idan ka juya ƙarau ɗin kaɗan sai ƙarfin hasken da ke wucewa ya sauya. Tsabtar abin da ke fitowa ta kai kusan kashi ɗaya cikin dubu goma, wato ta fi abin da kowane idon na'urar taurari zai iya rarrabewa nesa ba kusa ba. Ka ga ke nan maimakon turaku shida, yanzu kana da ikon kafa turke a duk inda ka ga dama, ka bi gaɓar aidin taku-taku, ƙasa da ita kaɗan, a kanta, sama da ita kaɗan. Haka aka yi da idanun na'urar GBM ta tauraron ɗan'adam mai suna Fermi, wanda aka harba a 2008: bayan an auna su da sinadarai a Jamus, an kai ɗaya zoben BESSY II a Berlin aka bi shi daga keV 10 zuwa 60 domin a ga yadda yake yi a kewayen gaɓar nan ta 33.2.

Kada ka ɗauka cewa da an kunna haske aiki ya ƙare. Zan ba ka labarin wani dare da ba na mantawa, lokacin da nake ɗalibin digiri na uku, aka ba rukuninmu kwanaki kaɗan a wani sinkirotiron. Aiki a can dare da rana ake yi, mutum yana zaune gaban kwamfuta a wajen ɗakin da aka lulluɓe da dalma, ba a buɗe haske sai an zagaya an tabbatar babu kowa a ciki an rufe ƙofa mai nauyi. Matsala ta farko ita ce hasken ya yi wa na'urarmu yawa. Idon da aka gina domin ya ƙirga foton kaɗan a daƙiƙa daga tauraro mai nisa ba zai iya da biliyoyi ba, idan biyu suka faɗo tare sai ya haɗa su ya ce guda ɗaya ne mai ninkin ƙarfi. Saboda haka na jera fallayen tagulla a gaban hasken domin in rage shi. Mun saita ƙarau a keV 20, amma sai ga wani tudu ya bayyana a zanen ƙirgen foton a keV 60, kuma duk fallen da na ƙara sai tudun ya ƙara girma idan an gwada shi da na 20. Na shafe wajen awa uku ina zargin na'urarmu, ina kwance wayoyi ina mayarwa, kafin in lura da abin da ke gabana tun farko: da a ce haɗuwar foton ce, da tudun keV 40 ne zai fara fitowa, kuma babu shi. Ƙarau ɗin silikon da aka saita a keV 20 yana barin ɗan kaɗan na ninki uku ya wuce, tagullar da na jera kuwa tana shanye mai rauni fiye da mai ƙarfi, saboda haka da hannuna nake kashe hasken da nake so ina raya wanda ba na so. Maganin ɗan gocewa ne da ake yi wa ƙarau na biyu, wanda yake zubar da ninkin ya bar asalin. Awa ukun nan sun ci mana awo biyu da muka tsara, kuma ba mu sake samun su ba. Daga ranar na koyi cewa kafin a auna na'ura da haske, sai an fara auna hasken kansa da wani ido dabam da aka riga aka yarda da shi, galibi na jamaniyam da ake sanyayawa da ruwan naitirojin.

Wannan ya kai mu ga abin da na fi ƙauna a duk fannin, wato yadda ake sanin adadin foton ɗin da ke cikin hasken ba tare da dogaro da wata na'urar da ita ma ke buƙatar awo ba. A 1949 Julian Schwinger ya fitar da lissafin da ke nuna cewa idan ka san ƙarfin ilektiron, da ƙarfin maganaɗisun da ke lanƙwasa su, da yawansu a cikin zobe, da girman ƙofar da hasken ya bi da nisanta, to za ka iya lissafa adadin foton na kowane ƙarfi da alƙalami. Hukumar awo ta Jamus, PTB, tana da ɗakin gwaji a BESSY II inda take amfani da zoben a matsayin asalin ma'auni ta wannan hanya. Idan ana son auna ido mai saurin ji, sai a yi ta rage ilektiron ɗin da ke cikin zoben har a koma ana ƙirga su ɗaya-ɗaya, ana ganin hasken yana sauka mataki-mataki duk lokacin da guda ya fita, har ya rage saura ilektiron ɗaya tak yana kewaya mita 240 sau miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin a daƙiƙa. Ga hasken da aka riga aka tankaɗe kuwa, suna da wani ma'auni da ake sanyayawa da ruwan hiliyam, wanda yake shanye hasken ya ɗan yi ɗumi, sannan a rufe hasken a kawo daidai wannan ɗumi da lantarkin da aka san yawansa. Ta haka awon hasken baƙin rami yake da silsila da ba ta yanke ba har zuwa ma'aunin lantarki na duniya.

Madubi kuma nasa aikin dabam ne. Eksire ba ya dawowa daga madubi idan ya faɗa masa gaba da gaba, shiga yake yi ya ɓace. Sai ya zo a kwance ƙwarai, kamar yadda yaro yake jefa faffaɗan tsingaro a kan ruwan madatsar Bakolori ya yi ta tsalle a maimakon nutsewa. Ga eksire mai ƙarfi kusurwar ba ta kai kashi ɗaya cikin uku na digiri ba, shi ya sa ake jera madubai sirara ɗaya cikin ɗaya kamar ɓawon albasa, guda 133 a kowane madubin NuSTAR, kuma shi ya sa idon yake nesa da madubin da mita 10 a kan wani dogon sanda da aka miƙe bayan an isa sama. Ko a hakan ma sai an shafa wa kowane madubi ɗaruruwan shimfiɗu na sinadari mai nauyi da mara nauyi bi da bi, filatinam da kabon ko tungistin da silikon, kowace shimfiɗa kaurinta nanomita kaɗan ne (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Ɗan kaushi da bai kai rabin nanomita ba a tsakanin shimfiɗun yana rage hasken da ke dawowa, kuma ragin ya fi tsanani a babban ƙarfi, saboda haka awon da aka yi a keV 8 a ɗakin gwaji na gida ba ya isa ya tabbatar da abin da zai faru a keV 60. Madubai biyu na tauraron ɗan'adam na Japan mai suna Hitomi, masu faɗin santimita 45 da nisan tattara haske mita 12, an auna su ne a wani layin hasken SPring-8 mai tsawon fiye da mita 200. Da yake hasken bai kai faɗin madubin ba, sai a riƙa motsa madubin da idon tare, ana haska shi yanki-yanki, daga baya a ɗinke sakamakon a kwamfuta. An harba Hitomi a watan Fabrairu na 2016, ya lalace a ƙarshen Maris na wannan shekara, abin da ya ɓata wa duk masu wannan fanni rai. Amma aikin bai tafi a banza ba, domin wani madubi irinsu, da aka auna a wannan layi, ya hau balan-balan na XL-Calibur daga arewacin Suwidin zuwa Kanada a 2024.

Wannan balan-balan yana auna wani abu ne da sinkirotiron ya fi kowa iya bayarwa, wato fuskar da haske yake kaɗawa. Hasken zobe yana fitowa kusan dukansa yana kaɗawa a kwance, daidai da shimfiɗar zoben, kuma samun irin wannan daga injin asibiti ko sinadari yana da wuya ƙwarai. Na'urar da ke auna wannan tana lura ne da ɓangaren da foton ya fi karkata bayan ya yi karo da ilektiron, saboda haka ana juya ta a gaban hasken a ga yadda ƙirgen yake hawa da sauka. Ana kuma haɗa awo biyu da aka yi a kwance da a tsaye domin a ga ko na'urar tana ƙirƙiro kaɗawar da babu ita, wanda a ganina shi ne gwajin da ya fi muhimmanci. Na'urar POLAR, wadda ta hau tashar sararin samaniyar Sin mai suna Tiangong-2 a 2016, a ESRF aka yi mata wannan gwaji.

Yanzu ga rabin tambayarka na biyu. Ana daidaita awo a sama, kuma dole ne, domin girgizar roka da sanyi da zafi da ruwan ƙwayoyin da ke dukan na'ura shekara da shekaru suna sauya ta, kuma a ƙasa ma nauyin madubi yana ɗan lanƙwasa shi ta yadda ba zai yi a sama ba. Fitilar da aka fi dogara da ita ita ce Gajimaren Ƙaguwa, ragowar tauraron da masana taurarin Sin suka ga fashewarsa a 1054, mai nisan kusan shekarun haske 6,500, wanda shi kansa hasken sinkirotiron yake fitarwa daga ilektiron da ke kewaya cikin maganaɗisunsa. Shekaru da dama ana ɗaukarsa a matsayin fitilar da ba ta sauyawa, har aka mayar da shi mudun da ake auna sauran taurari da shi. Sai ga shi tsakanin 2008 da 2010 na'urar GBM ta ga haskensa ya ragu da kusan kashi 7 cikin 100, kuma wasu taurarin ɗan'adam uku suka tabbatar. Ka lura da abin da ya sa aka iya cewa gajimaren ne ya sauya: akwai na'urori dabam-dabam da kowace take da nata awon da aka yi tun a ƙasa. Da a ce duk da Ƙaguwa kaɗai aka daidaita su, ana ta gyara su domin su ba da amsar da aka saba, da an share sauyin an kira shi tsufan na'ura. Kuma ko siffar hasken Ƙaguwa da muke cewa mun sani, wasu na'urori ne da aka auna a ƙasa suka faɗa mana ita.

Kada ka ga kamar wannan magana ta yi nisa da Zamfara. A 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan duwatsun zinare ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, masu aikin tsabtace gidaje sun riƙa auna ƙasa da wata na'urar hannu mai harba eksire tana karanta wanda ya dawo. Dalma tana amsawa a keV 10.55 da 12.6, arsenik kuma, wanda sau da yawa yake tare da zinare, yana amsawa a 10.54, kusan a kan layin dalma na farko. Sanin wace tsakar gida za a kankare wa ƙasa, wace kuma yara za su iya ci gaba da wasa a cikinta, ya rataya ne a kan ma'aunin ƙarfi da aka daidaita da kyau, da samfuran ƙasa da aka riga aka san yawan dalmar da ke cikinsu. Ilimin ɗaya ne da na idon NuSTAR, kuma mutanen jiharmu sun fi kowa sanin abin da kuskure a cikinsa zai jawo.

Har yanzu babu sinkirotiron ko ɗaya a nahiyar Afirka, abin da ke ci mini rai. An yi taron farko na neman gina shi a Grenoble a 2015, Afirka ta Kudu tana da yarjejeniyar aiki da ESRF tun 2013, Masar kuma tana cikin ƙasashen da suka haɗu suka gina SESAME a Jodan, wanda aka buɗe a 2017. Yawancin waɗannan wurare ba sa karɓar kuɗin haske daga mai binciken da zai wallafa sakamakonsa, takardar neman lokaci ake rubutawa, masana su tantance. Kafin ka kai can akwai abin da za ka fara daga Gusau da kwamfutarka. Bayanan NuSTAR a buɗe suke ga kowa a rumbun HEASARC na hukumar NASA, tare da manhajar sarrafa su da jadawalan amsar na'ura. A 2021 an sabunta waɗannan jadawalai bayan shekaru tara ana kallon Ƙaguwa, har da kallon da ake yi ta gefe inda haske yake faɗa wa ido ba tare da ya bi ta madubi ba, kuma hasken da ake lissafa wa taurari ya ƙaru da kashi 5 zuwa 15 cikin 100. Ka sauko da kallon Ƙaguwa guda ɗaya, ka sarrafa shi da tsohon jadawali sannan da sabo, ka zana bambancin a kan ƙarfi daga keV 3 zuwa 79, ka duba da kyau abin da ke faruwa a kewayen 26.7 da 31.8, sannan ka kawo mini zanen idan ka shigo makaranta mu zauna a kansa.